Miyar Zogale ga Tsutsar Zurma

A makon jiya wasu matasa suka yi mini sallama bayan la'asar, wai an ce musu na taɓa kiwon tsutsar siliki. Sun gani a waya cewa sana'a ce mai sauƙi: ka samu tsutsa, ka zuba mata ganye, ka fesa wa ganyen ruwan zogale, sai ka zauna kana jiran zare. Ɗaya daga cikinsu har ya ce ai ta fi kaji daɗin kiwo tunda ba ta cara. Mun yi dariya, amma bayan tafiyarsu sai na ga kamar ban yi musu bayani yadda ya kamata ba, domin ni ba mai saurin magana ba ne. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Ba zan ce na san komai a kan wannan tsutsa ba. Abin da idona ya gani a ɗaki guda shi zan faɗa, inda kuma ban tabbatar ba zan ce ban tabbatar ba.

Na fara aiki a wata masaƙa da ke Challawa wajen ƙarshen shekarun saba'in, bayan na gama jami'a da hidimar ƙasa. Ilimin tsirrai na karanta, don haka ban san me zan yi a masaƙa ba sai da aka zagaya da ni bayan sashen rini, aka nuna mini wani dogon ɗaki mai rufin kwano da tagogi masu raga. Mai kamfanin ya lura cewa zaren tsamiya, wato silikin daji da ake yi wa babbar riga aiki da shi, yana ta ƙaranci, domin itatuwan da tsutsarsa ke zama a kai ana ta sare su. Sai ya ɗauko wani Ba'indiye, Mista Pillai, ya zo da ƙwan wata tsutsa da ake kiwonta a gida a ƙasarsu. An zaɓe ta ne saboda ganyen zurma take ci, zurma kuwa da kanta take fitowa a bayan gari da bakin kududdufi. Mu dai tsutsar zurma muke ce mata.

Abu na farko da Mista Pillai ya gaya mini, tun kafin in ajiye jakata, shi ne wannan iri ba ya ajiyuwa. Gero, ka zuba shi a rumbu ya jira ka har damina. Ƙwan tsutsar zurma ba ya jiran kowa. Da zarar uwa ta yi shi, bayan mako guda da 'yan kwanaki zai ƙyanƙyashe, ko kana da ganye ko ba ka da shi. Saboda haka dole a yi ta juyawa, daga ƙwai zuwa tsutsa, tsutsa ta saƙa gida, uwa ta fito daga gidan ta sake yin ƙwai, shekara ta zagayo ba a tsaya ba. In aka yi sake zuriya guda ta mutu kakaf, shi ke nan, sai an sake kawo ƙwai daga Indiya. Wannan magana ita ce ta zauna mini a rai duk tsawon aikin.

Aikin da na fara koya shi ne kwashe jarirai. Tsutsa sabuwar ƙyanƙyasa ba ta fi gashin ido girma ba, in ka taɓa ta da yatsa ka kashe ta. Da gashin kaza ake share su a hankali daga kan ƙyallen da aka yi ƙwan, a zuba su kan ganye mai taushi da aka yayyanka. Na yi kwanaki kafin in iya. Kayan aikinmu ba su da yawa: manyan faya-fayai da aka saƙa mana a ƙauye, kantar katako mai hawa-hawa da ake jera su, wuƙa, bokitai, sikeli ƙarami, da ma'aunin zafi a jikin bango. Kowace ƙafar kanta tana cikin gwangwani mai ruwa saboda tururuwa da cinnaka. Ranar da ruwan gwangwani guda ya ƙafe, ranar za ka tarar da faifai baƙi ƙirin. Ƙadangare ma abokin gaba ne, haka ɓera. Ba a kunna maganin sauro a kusa, ba a shiga da taba, ko turare mai ƙarfi Mista Pillai ba ya so.

Mu huɗu ne a ƙarƙashinsa. Akwai Iya Hansai, wata dattijuwa daga Zawaciki da mijinta ya rasu, wadda aka ɗauka saboda ta iya kaɗi. Akwai Rifkatu, 'yar Filato, mijinta yana sashen saƙa, ita ke wanke faya-fayai da sauya ganye. Sai Malam Ilu, mutumin Damagaram, mai kawo ganye a keke. Ni ne mai digiri, ni ne kuma na zo daga baya, don haka da farko ba su ce mini komai sai "ɗan boko". Da suka ga ina zuwa ranar Lahadi in duba gwangwanaye, sai suka koma ce mini Malam.

Ganye shi ne rabin sana'ar. Malam Ilu yakan fita da sassafe ya dawo kafin rana ta yi zafi, da buhunan algarara jiƙaƙƙu a bayan keke. Ba kowace zurma ake tsinka ba. Wadda ta fito a bakin magudanar da ruwan majema ko na rini ke bi, ita ta fi kowace kyan gani, ganyenta fala-fala, amma ba ma yarda da ita. Wadda ke kusa da gonar auduga ma ba ma taɓawa, don kada feshin ƙwari ya same ta. Idan ganye ya iso sai a wanke, a shanya a inuwa har ruwan ya tsane, domin jiƙaƙƙen ganye yana sa tsutsa ciwon ciki, ta yi laushi ta yi baƙi ta mutu, ta kuma shafa wa 'yan'uwanta. Ƙanana sai toho, manya kuwa ko wane ganye. In sun girma, ka shiga ɗakin ka yi shiru, za ka ji ƙarar cinsu kamar yayyafi a kan kwano.

Barci ne ya fi ruɗa ni. Sau huɗu tsutsa take tsayawa cak, ta ɗaga kai, ta daina ci, tana shirin saɓa fata. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka mutuwa ce ta zo. Karo na farko da na gani, da gudu na je na kira Mista Pillai daga wajen cin abinci. Ya zo ya leƙa, ya dube ni, ya koma ya ci gaba da cin abincinsa. Iya Hansai ce ta ce, "Malam, kai in kana barci aka zo aka tura maka tuwo a baki, ka ji daɗi?" A lokacin barci ba a ba su ganye, ba a motsa faifai. Sai kusan duka sun farka sannan a ci gaba, don su tashi tare su girma tare.

In tsutsa ta ƙoshi, jikinta yakan yi haske, ta bar ganye ta fara yawo tana neman lungu. Sai a tsince su a zuba cikin kwando mai busasshen ganye, kowace ta saƙa wa kanta gida fari kamar ƙwan tattabara mai ɗan tsawo. Wani abin da nake so game da wannan tsutsa shi ne ba sai an kashe ta ba. Gidanta yana da baki a gefe guda, in lokaci ya yi sai ta fito da fukafukai, irin malam-buɗe-littafi amma babba, mai ruwan ƙasa. Rifkatu ce ta fara cewa "malamai sun fito", har ya bi bakin kowa. Malaman nan ba su ci, ba su sha, kwanakinsu kaɗan ne. Aikinsu kawai namiji ya samu mace, mace ta yi ƙwai, su mutu. Shi ya sa ake so su fito kusan lokaci guda.

Gidajen da aka bari su ne kayanmu. A dafa su da kanwa har danƙon ya saki, a wanke, a shanya, a buɗe su su zama kamar auduga. Iya Hansai takan ɗiba ta kai wa matan Zawaciki, su kaɗa da mazari a cikin gidajensu. Babban mai sayen zarenmu wani dattijo ne a cikin birni, Alhaji Mamuda, mai ba da aikin riguna. Ranar da na fara kai masa, ya ja zaren tsakanin haƙora, ya ƙona bakinsa ya shinshina, sannan ya ce, "Tsamiya ce?"

Na ce, "Alhaji, ba tsamiya ba ce, amma dai dangi ne, in ba a matsa ba."

Ya ce, "Yaro, ni kasuwa nake yi. In mutum ya tambaye ni sai in ce masa in ba a matsa ba?"

Na ce gaskiyar ke nan. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce zai kira shi 'yar zurma, wanda ya so ya saya. Kuma an saya. Ƙorafinsa guda ne: zaren damina yana da ƙarfi da sheƙi, na bazara kuwa yakan tsinke a allura.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da bazara ganyen zurma yakan yi tauri ya rage ruwa, tsutsa ta ci ba ta ƙoshi ba, gidan ya fito sakayau, in ka matsa shi da yatsa ya lotsa. Muna rataya jiƙaƙƙun buhuna a tagogi muna zuba ruwa a ƙasa don rage zafi, amma wannan bai gyara ganyen ba. Kafin Mista Pillai ya koma ƙasarsu, bayan kwantiraginsa ya ƙare, ya gaya mini cewa a can wasu suna gwada fesa wa ganye ruwan wasu tsirrai don ƙara masa amfani. Bai ce yana aiki ba, ya ce ana gwadawa. Da ɗakin ya dawo hannuna sai na ce bari in gwada da abin da muke da shi.

Na fara da ganyayyakin da mutane ke ci, don na ga sun fi aminci: zogale, rama, tafasa. Darbejiya ko kusa ban kai ta ba, tunda ita ake sa wa hatsi don kashe ƙwari. Ruwan rama tsutsa ba ta so shi ba, ina jin tsaminsa ne. Tafasa ban ga komai ba. Na tsaya a kan zogale. Yadda muke yi, a tsinko ɗanye, a daka a turmin da ba a taɓa daka barkono a ciki ba, a tace da farin ƙyalle, a sirka da ruwa sosai har ya zama kore-kore kawai. Sai a zuba a sabon famfon feshi, a fesa wa ganyen zurma sama-sama, a bar shi ya tsane a inuwa, sannan a ba su. Sau ɗaya a rana, kuma ban da lokacin barci.

Amma fesawa ba ita ce gwaji ba. Gwaji shi ne ka raba tsutsa 'yan uwa ɗaya gida biyu, ka ba wa rabi ganye mai zogale, rabi ka ba su ganye zalla, komai nasu ya zama iri ɗaya ban da wannan. In ba haka ba, ko sun yi ƙiba ba ka san me ya sa ba. Na ɗaura jan zare a bakin faya-fayan da za a ba zogale, na yi wa kowa bayani, kowa ya ce ya gane.

Zuriya ta farko, duk suka yi kyau, masu jan zare da marasa shi. Na auna gidajen a sikeli, babu bambancin da zan iya tsayawa a kai. Na sake, haka. Na ƙara ƙarfin zogalen, haka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Alhaji Mamuda ya aiko cewa zaren bazarar nan ya fi na bara. Na rasa yadda zan fassara. Na ce wataƙila buhunan taga ne, wataƙila Malam Ilu ya samu wuri mai kyau. Manajan sashenmu, Alhaji Garba, ya tambaye ni, na ce masa gwargwadon abin da na gani zogale bai ƙara komai ba, kuma bai rage ba.

Wata rana da hantsi na fita zan je ofis, a hanya aka ce mini manaja ya tafi Bompai, sai na juyo. Rifkatu tana bakin ƙofa, amma ta juya baya tana yi wa Malam Ilu tsiya a kan tayar kekensa, ba ta ga zuwana ba. Ina shiga na tarar da Iya Hansai a durƙushe wajen shanyar ganye, da ɗan kwano da guntuwar tsintsiya. Tana tsoma tsintsiyar a ragowar ruwan zogale tana yayyafa wa ganyen marasa jan zare.

Na ce, "Iya, me kuke yi haka?"

Ba ta ko firgita ba. Ta ce, "Miya nake sa musu."

"Iya, ai waɗannan su ne ba a ba su."

"Na sani. Kai ma ka duba, Malam. Uwa ɗaya, ɗaki ɗaya, kanta ɗaya. A ba wa wannan tuwo da miya, na kusa da shi a miƙa masa gaya? Dabba ce, ba ta da bakin da za ta yi ƙara, amma akwai ranar da za a tambaye mu."

Na juya na dubi Rifkatu da ta shigo tana rufe baki da gyale. Na ce, "Ke ma kin sani?"

Ta ce, "Malam, ni ce ma mai gadi. Yau ne dai Malam Ilu ya ɓata mini aiki."

Malam Ilu ya leƙo ta taga ya ce, "Ni kada a sa ni a ciki. Ni dai na ce musu ɗan boko zai yi kuka."

Na tambayi tun yaushe. Iya ta ce tun ranar da na ɗaura jan zare. Na nemi wuri na zauna a kan bokiti. Wato duk watannin nan abu ɗaya nake aunawa da kansa. Masallaci da coci sun haɗa kai a kaina, ban sani ba.

Ban yi faɗa ba, domin ban ga ta inda zan fara ba. Na ɗauki lokaci ina yi mata bayani cewa ba mu san ko miyar nan alheri ce ba, tana iya zama cuta, kuma hanya ɗaya ta sani ita ce a hana wasu. Na ce masu gayan ba yunwa za su ji ba, abincin da Allah Ya hore musu ne za su ci. Ta juya tsintsiya a hannunta, sannan ta ce, "To. Zuriya ɗaya. Amma kai za ka riƙa ba su da hannunka, ni ba zan miƙa gaya ba." Daga ranar sunan ya zauna, faya-fayan miya da faya-fayan gaya.

Wannan zuriya ita kaɗai ce gwaji mai tsabta da na samu zuwa lokacin. Masu miya sun riga masu gaya daina ci da hawa saƙa, malamansu ma sun riga fitowa da 'yan kwanaki, gidajensu kuma sun ɗan fi nauyi. Na ji daɗi, amma sau ɗaya ba hujja ba ne. Na yi niyyar in maimaita sau da yawa, a damina da rani. Sai shekarar fari ta shigo.

Waɗanda suka yi wayo a farkon shekarun tamanin sun san yadda aka yi. Damina ta zo a makare ta ɗauke da wuri. Kududdufai suka ƙafe tun kafin sanyi ya wuce, zurmar da muke tsinka ta bushe a tsaye, wadda ta rage awaki suka kewaye ta. A daidai lokacin kuma kamfanoni na fama da rashin kayan aiki daga waje, ana ta rage ma'aikata daga Sharaɗa har Challawa. Alhaji Garba ya kira ni ofis ya ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba. Takardar shigo da kaya ko ta maganin rini da ƙyar muke samu, balle ta ƙwan tsutsa. In irin nan ya mutu, za a rufe ɗakin. Kai a mayar da kai wani sashe, amma matan nan da mai keke sai dai haƙuri." Ban gaya musu ba, amma sun sani. Matan Zawaciki masu kaɗi ma sun sani, domin Iya ta daina zuwa musu da kaya.

Muka daina tunanin zare, muka koma neman abin da zai riƙe iri. Na rage yawan tsutsa da gangan. Malam Ilu ya riƙa bin bakin kogin Challawa har inda keke ba ya shiga, yana dawowa da 'yar zurmar da ba ta cika rabin buhu ba. Wannan muka keɓe wa jarirai. Manya kuwa sai ganyen rogo, wanda Mista Pillai ya taɓa cewa suna ci in dole ta yi. Masu lambu ba su son a tsige musu rogo, sai da Malam Ilu ya riƙa kai musu kashin tsutsa suna zubawa a matsayin taki sannan suka bari.

Tsutsar ba ta so rogon ba. Sai ka ga sun ɗan gutsura sun bari, suna bin bakin faifai suna ɗaga kai. Kullum da safe Rifkatu na tsince matattu. Zafi ya kai inda jiƙaƙƙen buhu ke bushewa kafin ka gama jiƙa na gaba. Da suka farka daga barcin ƙarshe, wanda bayansa ne suke cin abinci mafi yawa, abin da ya rage mana bai wuce 'yan faya-fayai a hawa ɗaya na kanta ba.

Iya Hansai ta zo da zogale a ƙullin zane, daga bishiyar gidanta da ke kusa da wurin wanke-wanke, wadda ba ta zubar da ganye ba. Ta ajiye a gabana.

Ni a ɗabi'ata, da rabawa zan yi, rabi miya rabi gaya, in ɗaya ya ɓaci ɗaya ya tsira. Har na ɗauko jan zaren. Amma da na yi tunani sai na ga ba zai yiwu ba. Na riga na ga masu miya suna riga masu gaya fitowa. Da suna da yawa, ba komai, kowane ɓangare zai samu mazansa da matansa. Yanzu kuwa sun yi kaɗan. In na raba su, wasu su fito yau su mutu kafin sauran su fito, sai in tashi da malamai da ba su haɗu ba, babu ƙwai. Dole duka su bi hanya ɗaya. Ko duka miya, ko duka gaya. Ga shi ban taɓa gwada zogale a kan rogo ba, ga haɗarin danshi a cikin wannan zafi.

Na ɗauki ganyen rogo biyu, na fesa wa ɗaya, na bar shi ya tsane, na ajiye su gefe da gefe a faifai guda. Muka tsaya mu huɗu muna kallo kamar masu jiran wata. Bayan wani lokaci waɗanda suka hau mai miya sun ɗan fi yawa.

Rifkatu ta ce, "Ga amsa nan."

Na ce, "Ba lallai ba ne. Wataƙila don ya fi laushi ne, ko don ya fi kusa da su."

Malam Ilu ya ce, "Malam, in ka gama wataƙila, tsutsa ta gama mutuwa."

Iya ta ce, "Ku ƙyale shi. Shi za a tambaya, ba ku ba."

Na daɗe a tsaye da jan zaren a hannuna. Daga ƙarshe na sa shi a aljihu na ce, "A daka. Amma a sirka fiye da yadda muka saba, kuma kada a ba su sai na taɓa ganyen da hannuna na ji ya bushe." Iya ta ɗauki turmi da kanta, ta ƙi ba wa Rifkatu.

Mutuwar ba ta tsaya nan take ba, amma ta ragu. Bayan kwana biyu ko uku, na shiga da safe na yi shiru, sai na ji ƙarar ci, ƙasa-ƙasa. Suka ƙoshi, ba sosai ba, suka hau saƙa. Gidajen ƙanana ne, da na kai wa Alhaji Mamuda da ya kore ni. Muka jera su a wuri mafi sanyi a ɗakin, kusa da randa, muka yi ta jira. Wata safiya ina sauka daga bas ɗin ma'aikata na jiyo muryar Rifkatu tun daga bayan sashen rini: "Malamai sun fito! Malam, malamai sun fito!" Masu gadi suka ɗauka baƙi aka yi. Sun fito kusan tare, maza da mata. Kwana biyu bayan nan ƙyallayenmu suka cika da ƙwai. Kafin jariran wannan zuriya su kai ga cin babban ganye, an yi ruwan farko, zurma ta fara toho a bayan Kumbotso.

Alhaji Garba ya zo da kansa, ya sunkuya ya dubi ƙwan. Ya ce, "To, Malam, zogalen ne ya cece su?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya cewa ba. Babu faifan da muka hana."

Ya dube ni, ya dubi Iya Hansai da ke share ƙasa. Ta ce, "Alhaji, ni dai na san ba wanda ya ci gaya."

Ɗakin ya ci gaba da aiki shekaru bayan nan, matan Zawaciki suka koma kaɗi, Alhaji Mamuda ya ci gaba da ƙorafinsa yana saye. Na sake gwajin zogale a kan zurma sau da dama, kuma mafi yawan lokuta masu miya sun ɗan fi, musamman da bazara. Wannan zan iya faɗa. Amma a kan abin da ya faru a shekarar fari, har yau ban sani ba ko zogalen ne, ko tsutsar ce ta gaji ta saba da rogo, ko waɗanda suka rage dama su ne masu ƙarfi. Na zauna lafiya da rashin sanin nan, tunda irin ya rayu.

Saboda haka, ku matasan da kuka zo, in da gaske za ku yi, ku nemi zurma tukuna kafin ku nemi ƙwai, ku kuma san inda za ku samu ganye a watan da babu ruwa. Zogale ku gwada shi, amma ku gwada da damina, lokacin da faya-fayanku suka cika, kuna da abin rabawa. Ku ɗaura zare, ku ware masu gaya, ku kuma lura da mai tausayin da ke cikinku. In kuka bari sai wuya ta zo, a ranar ba za ku samu wanda za ku hana ba.